Wa Ke Shan Wutar Motata?

A shekarar da na cika hamsin da biyar na sayi tsohuwar mota irin mai ɗaki a ciki. Akwai gado, da ɗan madafi mai murhu biyu, da firij, da banɗaki wanda in ka shiga sai ka juya a hankali. A hannun wani tsohon Bature na saye ta a New Jersey. Dalili kuwa, 'yarmu ta yi aure a Ohio, matata ba ta son hawa jirgi, ga ta da ciwon sukari, kullum sai ta yi allurar insulin, ita kuma allurar ba ta jure zafi. Na ce in muna da firij ɗinmu a mota, sai mu tafi a tsanake, mu tsaya inda muka ga dama.

Ranar ciniki Baturen ya ɗaga murfin matakalar shiga, ya nuna mini batira biyu baƙaƙe a cikin rami. Ya ce waɗannan daban suke da batirin da ke tayar da inji. Su ne ke ba ɗakin wuta in mota tana tsaye: fitilu, fanka, famfon ruwa, har firij ɗin, wanda da gas yake aiki amma sai da wutar batir yake kunnuwa. Na tambaye shi yaushe ya canza su. Ya ce bai daɗe ba. Yana faɗa yana kallon karensa, bai kalle ni ba. Na lura da hakan, amma motar ta riga ta shiga raina.

A unguwar Tompkinsville ta New York muke zaune, a hawa na uku, kuma layinmu ko ƙaramar mota da ƙyar take samun wuri. Wani dattijo mutumin Maraɗi, mai shagon kayan abinci a Stapleton, shi ya ce in kawo ta filin da ke bayan shagonsa. Mun shekara goma muna haɗuwa a masallaci, Alhaji nake ce masa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in bar masa makulli ɗaya, don duk Talata babbar mota na kawo masa buhunan shinkafa da jarkokin manja, dole a matsar da tawa. Na ba shi ba tare da tunanin komai ba.

Tafiyarmu ta biyu, cikin tsakiyar zafi, muka tsaya a wani wurin hutawa a Pennsylvania. Muka yi Azahar, muka ci abinci, na kashe inji muka kishingiɗa. Da La'asar na tashi zan yi alwala, na murɗa famfo, sai ya yi wani gurnani ya yi shiru. Matata ta buɗe firij ta taɓa kwalin allurarta.

"Baban yara, wannan fa babu sanyi."

Na duba, wata 'yar jar fitila ce ke ƙiftawa a goshin firij ɗin. Na tayar da inji, komai ya dawo. A gidan mai na gaba na sayi ƙanƙara ta naɗe maganin a tawul, ta riƙe shi a cinya har Ohio. 

Da muka dawo na jona motar da soket ɗin bayan shagon Alhaji kwana biyu har batiran suka cika, na cire. Bayan kwana uku na koma, ko fitila ba ta kawo ba. Na sake cikawa, na kashe duk abin da na san yana da makunni, na kulle. Kwana huɗu, sun sake mutuwa. A nan ne zuciyata ta fara kawo mini abubuwa. Na farko dai Baturen ya cuce ni, wannan na yarda da shi. Amma batir ko ya tsufa, in ba a taɓa shi ba, me zai shanye shi a kwana uku? Sai na tuna makullin.

Na fara lura da abubuwan da a da ba na gani. Labulen taga da na bari a buɗe na tarar a rufe. Wata rana na ji kamar ƙamshin man zafi a ciki, irin wanda ake shafawa a baya. Na kuma tuna Alhaji yana da babbar firiza a baranda ta baya, kusa da inda nake ajiye motar, kuma ya taɓa kuka da tsadar wuta. Sai na riƙa hango waya ta fito ta tagar motata ta shiga firizarsa. Na gaya wa matata.

"Ka gan shi da idonka?" ta ce.

"Ban gani ba, amma wa ke da makulli?"

"Mutumin da ya ba ka wuri kyauta kake zargi da satar wuta? Je ka nemo mai gyara kawai."

Ban nemo mai gyara ba. Na sami ɗan guntun farin zare na liƙa a ƙasan ƙofa da salatif, yadda in an buɗe zai tsinke. Ranar Alhamis na sa, don kada a ce matsarwar Talata ce. Ranar Asabar na tarar ya tsinke.

Aikina tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti ne, kuma Litinin ɗin da ta biyo baya na sami sarari da rana. Wajen ƙarfe biyu da rabi na shiga filin ta ƙofar baya, ban bi ta shago ba. Takalman Alhaji na gani a ƙasan matakala, an jera su tsaf. Na buɗe ƙofa a hankali. Yana kwance a dandaɓen motar tsakanin madafi da gado, ya yi matashi da hularsa, ya ɗora ƙafafunsa a kan kujera. Bai hau gadonmu ba. Na ɗaga kai na kalli fankar rufi, a tsaye take, amma ban san ko jin motsina ya sa ya kashe ba.

Ya tashi zaune da ƙyar, yana dafe da ƙugu.

"Malam, kai ne? Ka yi haƙuri. Ciwon baya ne ya matsa mini, likita ya ce in riƙa kwanciya bisa wuri mai tauri. Cikin shago ba wuri, ga mutane."

"Alhaji, da ka faɗa mini."

"Gaskiya ne. Kunya na ji."

"Wutar motar ce ke ƙarewa kullum," na ce, ina kallon fankar.

Ya bi idona da kallo, ya gane. Fuskarsa ta canza.

"Kuran ɗinka ban taɓa ba. Ko maɓalli ɗaya ban sani ba cikin motar nan. Labule kaɗai nike ja."

Mutanen Nijar kuran suke ce wa wutar lantarki. Na ce masa ba komai, ya ce ba komai, muka rabu kowa ya san da komai.

Sai a lokacin na kira mai gyara. Wani rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota, ɗan Zangon Kumasi da ke aiki a wani gareji kusa da bakin ruwa, abokan aikina suka ba ni lambarsa. Ya zo da jakar kayan aiki, ya durƙusa a matakala, ya ɗaga murfi ya ce, "Ei!" Kawunan batiran sun yi fari da kore kamar an barbaɗa musu gari. Gefen ɗaya ya kumbura. Ya ɓalle ƙananan murafen da ke samansu, ya haska da tocila ya ce in leƙa.

"Maigida, yaushe ka sa masa ruwa?"

"Wane ruwa?"

Ya dube ni ya girgiza kai. Ashe irin batir mai ruwa ne, wanda ake dubawa lokaci lokaci a ƙara masa tataccen ruwa. Nawa sun bushe har faranten ciki sun fito fili. Ya nuna mini tambarin da ke gefe, inda aka buga wata da shekarar da aka yi su. Sun haura shekara shida. Baturen ya yi ƙarya ke nan, ni kuma na ƙarasa su da rashin sani.

Na tambaye shi, cikin dabara, ko zai yiwu wani ya riƙa jan wuta daga nan zuwa firiza. Ya yi dariya ya ce batiran nan ko waya ba za su cika ba, balle firiza. Ya cire waya ɗaya ya sa mita a tsakani, ya nuna mini lambar da ke motsi duk da komai a kashe yake. Ya ce akwai na'urar da ke sansano yoyon gas a ƙasan gado, ba ta barci, ga rediyo, ga inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, da na bari a kunne ban sani ba. Lafiyayyen batir zai ɗauke su na wani lokaci, mara lafiya kuwa kwana biyu sun kayar da shi.

"To in mutum ya kunna fanka awa ɗaya kullum fa?" na ce.

"Zai ƙara. Amma ba shi ya kashe su ba."

Da aka zo zaɓen sababbi, zargina ya koma kansa. Na ce a canza mai kumburin kaɗai, ya ce a'a, in ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa, biyun za a canza. Na ce a raina, ga shi nan, ya fara. Ya lissafo mini iri uku: mai ruwa irin na da, wanda ya fi araha amma yana son kulawa, rufaffe wanda ba a sa masa ruwa, sai litiyam, mara nauyi, mai daɗewa, mai tsada. 'Yata ta riga ta faɗa mini a waya, da Turancinta, cewa litiyam kowa ke sawa yanzu. Na zuba ido in ga ya tura ni can, don na tabbata a nan zai fi samu. Sai ya ce kada in saya. Ya ce cajar da ke cikin tsohuwar motata ba ta dace da shi ba sai an canza, kuma ramin batiran a waje yake, litiyam kuwa ba ya son a yi masa caji cikin tsananin sanyi irin na New York. Rufaffen ya fi dacewa da mutum irina, mai mantuwa da ruwa.

Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce ƙila rufaffun ne yake da su jibge a gareji yana neman kai da su. Na ce masa ni zan sayo da kaina. Ya ce, "Yoo," ya rubuta mini girma da ƙarfin da zan nema a bayan wata takarda, ya ce in auna ramin kafin in tafi.

Na auna tsawo da faɗi da zurfi, na tafi wani shagon kayan mota. Na sa aka sauko mini da guda biyu, na juya su ina neman tambari. Ɗaya watansa biyu da yi, ɗayan ya kusa shekara a kan kanta. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne. Na ce in duk ɗaya ne ya sayar wa wani, ni ya kawo mini ɗan'uwan na farkon. Ya shiga ciki yana ƙunƙuni ya fito da shi. Wannan zargin dai bai faɗi banza ba.

Ranar Asabar da safe muka yi aikin. Rewayan ya ce in cire agogo da zobe. Ya sa na ɗauki hoton wayoyin kafin a taɓa komai, ya naɗa wa kowace waya salatif ya rubuta lamba. Baƙar waya ya fara kwancewa, sannan ja. Tsofaffin batiran nauyi kamar buhun siminti, mu biyu muka ciccibo kowanne. Ya wanke ramin da ruwan bekin soda, yana ta kumfa, ya goge kawunan wayoyi da burushin ƙarfe har suka yi sheƙi. Muka zura sababbin, ya ɗaure su da bel, ya mayar da ja, ya ƙare da baƙa. Ya kuma sa mini wani jan makunni a cikin ramin, wanda in na murɗa shi ya raba batiran da motar gaba ɗaya in za ta daɗe a ajiye. Ina tsaye a kansa duk tsawon aikin, ina bin hannunsa da ido, shi kuwa yana ta ba ni labarin wata mota da ya taɓa gyarawa a Kumasi. Da ya gama ya ce in murɗa famfo. Ruwa ya zubo da ƙarfi.

Alhaji ya fito sau ɗaya ya yi mana sannu da aiki daga nesa, ya koma. Da rewayan ya tafi na shiga shago na same shi yana ɗaure ledojin kuɓewa busasshiya. Na ce masa ashe batiran ne suka tsufa, kuma laifina ne da ban sa musu ruwa ba.

"To madalla," ya ce. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko makullin ya ajiye a gabana. "Ga lakilenka. Ran Talata ka zo da kanka ka gusa ta, kamiyo mai kawo shinkafa na zuwa ƙarfe bakwai."

"Alhaji, ba haka nake nufi ba. Ka riƙe, ka ci gaba da hutawarka."

"Na samu katako na shimfiɗa a sito. Ya ishe ni."

Na yi ta roƙo, bai karɓa ba. Wurin dai bai hana ni ba, har yau motar tana bayan shagonsa, muna gaisawa a masallaci kamar da, ko kusa da haka. Da na koma gida na ba matata labari, ta ce in kai masa maganin shafawar da take saya wa nata gwiwoyin. Na kai, ya karɓa ya yi godiya, ya tambayi lafiyarta, sannan ya juya wajen wata mata da ke jiran a auna mata gero.