Baƙuwar Garkar Albasa

Wata safiyar Laraba cikin sanyin 1991, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, motar Ƙonni ta sauke wata farar mata a ƙofar gidanmu na Badaguishiri. 'Yar Japan ce, ta zo aikin garka, babanmu ya ba ta ɗakin zaure. Sunanta ya gagari bakin mutane, sai innarmu ta raɗa mata Laraba.

Kullum in na taso daga lakwal, wato makarantar boko, ni ke rakiyarta fadama. Muna jan guga muna ban ruwan albasa da salati, ina koya mata Hausa, ita kuma tana koya mini harshensu. Ta ce a wurinsu kalmar aiki tana tsaye ne, sai a liƙa mata 'yar wutsiya ta juya ma'anarta. Ta zana mini a jiƙaƙƙiyar ƙasa: "mitai", ina son gani; "mita", na gani; "minai", ba ni gani. Na riƙa rera su ina daka, har ƙawayena suka sa su cikin wasan gaɗa. Innarmu takan ce, "Ɗiyag ga ta zama aku."

Shekara biyu muka yi haka. Ranar da na ji za ta koma ƙasarsu, a bakin maƙwabta na ji, ba a bakinta ba, kuma abin ya ci mini rai. Ranar tafiyarta, da motar ɗaukarta ta iso, na shige bayan rumbu na haɗa kai da gwiwa. Ta biyo ni ta durƙusa ta ce, "Hadiza, ƙanwata, dube ni mana." Na juya mata baya na ce, "Minai." Ta dafa kaina ta tashi. Sai da na ji ƙarar motar na fito da gudu, amma ta riga ta hau titi.

Bayan wata uku wasiƙarta ta zo ta gidan waya na Illela. Kunya ta hana ni amsawa, ina ta cewa sai gobe, har takardar ta ɓace.

Yanzu 'ya'yana suna hira da mutanen kowace ƙasa ta salula, ni kuwa ko sunanta na gaskiya ban riƙe ba. Fushin yaro gajere ne, amma mota ba ta jira ya huce.