Yaya Hauwa da Farcen Baƙuwar Katantanwa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Hauwa makwancinta a nan Makka. Ni ƙanwarta ce, ban yi karatun takarda ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Amma a labarin turaren wuta ba na ja wa kowa baya.

Tun zamanmu a Sudan, kan hanyar zuwa, Yaya ta koyi haɗa turare. Sirrinsa farce, wato ɗan murfin da katantanwar teku ke rufe bakinta da shi. A jiƙa, a kankare naman, a soya cikin yashi, a daka. Shi ke riƙe ƙamshi a tufa. Daga unguwar Jarwal har ta Hindawiyya, amaryar da ba a turara da na Hauwa ba sai a ce an yi mata ƙwauron gata.

Sai babban yaƙin duniya ya zo, jiragen ruwa suka yi wuya, manyan farcen da ake kawo mana daga ƙetare suka yanke. Ga shi ta riga ta yi wa wani gidan Larabawa alkawarin turaren biki. In ta gaza, sunanta ya faɗi, kuma da sunan nan muke ci.

Ta ja ni muka tafi Jidda a kan raƙumi. A jikin katakan da ake ɗaure jirage muka tarar da wasu 'yan ƙananan katantanwa, masu zane ja-ja, birjik! Wani tsohon masunci ya ce, "Ya Hajja, bar waɗannan. Kakana bai san su ba. A gindin jiragen Hindu suka maƙalo, ko kifi ba ya kula su."

Yaya ta ce, "Baba, kifi turare yake yi? Hadiza, buɗe zanenki!"

Da muka dawo ta ciro farcensu ta soya yadda take soya manya. Wayyo! Suka ƙone ƙurmus, ƙarni ya cika lungu. Maƙwabciyarmu Ta-Sakkwato ta leƙo ta katanga tana toshe hanci: "Hauwa, amarya za ki turara ko kyanwowin Jarwal kika gayyata walima?" Ni dariya, Yaya ko gezau. Ta zauna tana murza tokar a yatsa, can ta ce, "Sun yi siranta, wuta ba tasu ba ce." Ta gasa yashi shi kaɗai, ta sauke kaskon, sannan ta binne sauran farcen a ciki har ya huce.

Jama'a, ranar bikin nan! Uwar amarya da kanta ta keto cikin mata ta kamo hannun Yaya tana cewa, "Wallahi ya Hauwa, wannan daga ina?" Yaya ta ɗaga kai ta ce, "Daga Jiddarku."

Yau da za ta tashi, da ta ga abin mamaki. Ana ta faɗaɗa Harami, mota ta kori raƙumi a hanyar Jidda, manyan farce sun dawo kasuwa. Masunta kuma sun ce 'yan ja-jan nan sun bazu, ana ganinsu har wajen garin Rabig, yaran bakin teku ma sun ɗauka tun asali na nan ne. Wasu na musu wai ko da can akwai su, ba a lura ba ne. Na san abin da za ta yi: ba za ta tsaya musun asali ba, kwando za ta nema.

Ba ta mutu ta bar gida ba, ba ta bar zinariya ba. Amma shiga kowane tsakar gida a Jarwal lokacin biki, za ka ga mace ta sauke kasko daga wuta kafin ta zuba farce. Ka tambaye ta dalili, za ta ce haka ake yi. Wasunsu ko sunan Yaya ba su taɓa ji ba. Ni na ji, na kuma ga ranar da aka fara. Allah Ya sanyaya kabarinki, Hauwa.