Kujerar Roba a Bakin Ƙofa

Shekarun baya, a shekarar da korona ta sa aka rufe masallatan Doha, har ladan ya riƙa cewa kowa ya yi salla a gidansa, a shekarar ce mahaifiyata ta rasu a Zariya. Ina ɗakina a unguwar Bin Mahmud aka bugo mini waya da hantsi. Babu jirgi, babu hanya. Kafin la'asar an kai ta makwancinta, ni kuwa ina zaune a kan darduma ina kallon bango.

A garinmu idan aka yi rasuwa ba a barin mutum shi kaɗai. Za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a su zo su zauna, ko da ba su ce komai ba. Zaman shi ne gaisuwar. A Doha kuwa a lokacin, ko ɗan'uwanka bai isa ya shigo ɗakinka ba.

Ina da wani maƙwabci, ƙofarsa na kallon tawa. Kirista ne daga Filato, nas a wani asibiti. Ina kiransa Likita don tsokana, shi kuma yana kirana Malam tun ranar da ya tarar ina rubutu da ajami, ya tambaye ni ko laya nake haɗawa. Da yammacin ranar rasuwar na ji an ƙwanƙwasa.

"Malam, kada ka buɗe sosai, daga wajen marasa lafiya nake."

Na leƙa. Ga shi da takunkumi a fuska, riƙe da farar kujerar roba.

"Na ji labarin Mama. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri."

Na ce, "Amin, na gode. Je ka huta, Likita, na ga ka gaji."

"Wa ya ce maka na gaji? Haka kuke korar masu gaisuwa a Zariya?"

Ya dasa kujerarsa a baranda ya zauna. Haka ya yi ta yi har kwana ukun makoki suka cika: ya taso daga aiki, ya zauna a waje, ni ina ciki, ƙofa a ɗan buɗe. A wannan zaman na ba shi labarin yadda mahaifiyata take son waƙoƙin wa'azi na ajami, masu maganar mutuwa da kwanciyar kabari da ranar hisabi. Ba ta iya karatu ba, ni nake karanta mata, ta haddace, ta riƙa rerawa tana tsintar shinkafa. Da makoki ya ƙare, sai ya bar kujerar a ƙofata, ni kuma na shigar da ita ɗaki.

Kwanci tashi, annoba ta lafa, gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta zo Doha. Garin ya cika maƙil. Idan na taso daga ofishin da nake gadi a unguwar Mushairib, sai na kutsa cikin masu tutoci da fentin fuska kafin in kai jirgin ƙasa. A tsakiyar wannan hidimar mahaifin abokina Likita ya rasu. An riga an dakatar da hutun ma'aikata a wurin aikinsu har sai an gama gasa. Ya roƙa, bai samu ba. Dattawan gidansu suka jira iya jira, suka tsayar da ranar binnewa.

Ana gobe za a binne ya same ni. Ya ce mahaifinsa shi ne mai koya wa mawaƙan cocin ƙauyensu waƙa. Tun yana saurayi wani ya ba shi kaset ɗin bidiyo na wata doguwar waƙar Turawa da ake rera wa mamaci, da harshen Latin. Tsohon ya kalli kaset ɗin har ya lalace. Burinsa a duniya shi ne a sa masa ita ranar da za a binne shi, kuma abokina ya yi masa alkawarin shi zai zo da talabijin da lasifika da hannunsa.

"Ban cika alkawari ba, Malam. Amma na samo bidiyon a intanet. Gobe daidai lokacin da za su sa shi a rami zan kunna a nan. Mutanen cocinmu duk suna bakin aiki. Ba na son in kalla ni kaɗai."

Na ce masa in sha Allahu, amma maganar ta dame ni. Tun ina samari na bar sauraron kiɗa, ko biki na je, da an ɗauko ganga nake neman takalmina. Ba wai ina yanke wa kowa hukunci ba ne, abin da na ɗaukar wa kaina ke nan. Ga shi kuma waƙar ta ibadar wani addini ce. Na yi ta juya maganar har na samo wata dabara da na ga kamar babu mai wayona a duk Bin Mahmud.

Washegari na yi azahar, na ɗauko kujerar robar nan, na dasa ta a bakin ƙofarsa.

Ya fito ya dube ni. "Malam, ai yanzu babu korona."

Na ce, "Inda ka zauna mini, nan zan zauna maka."

Ya dubi kujerar. Sannan ya ce, "To, ba komai." Ya koma ciki, ya bar ƙofa a buɗe.

Waƙar ta fara can ƙasa-ƙasa, kamar mutane da yawa suna numfashi tare. Da ƙyar nake jin ta, saboda a titi masu zuwa kallon ƙwallo suna ta busa ƙaho. Na riƙe carbina na dage da lazimi, ina jin kaina daidai. Ana cikin haka sai wata irin ƙara ta fashe, manyan ganguna da ƙahonni da muryoyi gaba ɗaya, har na zabura, kujera ta kusa kayar da ni.

Na ce, "Subhanallahi! Likita, lafiya? Da wa suke faɗa?"

Na miƙe. Na leƙa. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado, wayarsa a hannu yana jiran kira daga gida, ko da yake ya gaya mini babu sabis a ƙauyen. Kafaɗunsa na rawa. Mutum ana binne ubansa, yana zaune shi kaɗai a ƙasa, ni kuma da na zo zaman makoki ina waje ina gadin tsoron Allahna. Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na shiga na zauna kusa da shi.

A nan na fara ganin abin da idona a talabijin ɗinsa. Wani ƙaton zaure ne, maza da mata cikin baƙaƙen kaya sun tsaya sahu-sahu, kowa da littafi a buɗe. A gabansu masu goge irin na Turawa, hannayensu na tafiya tare kamar na mutum ɗaya. Wani tsoho mai furfura yana tsaye da 'yar sanda da ba ta kai kaurin alƙalamin kara ba. Ya ɗaga ta su tashi, ya sauke su kwanta. Na tuna malaminmu na allo, shi ma da sanda yake juya mu, amma tasa ba a iska take sauka ba.

Abokina ya share fuska ya fara fassara mini a hankali. Ya ce yanzu suna maganar ranar da za a busa ƙaho, kaburbura su buɗe, a fito da littafin ayyuka, mutum ya rasa abin da zai ce. Na san wannan maganar. Abin da mahaifiyata take rerawa ke nan a kan farantin shinkafa.

Na ce, "Likita, ai wannan wa'azi ne."

Ya yi dariya, hawaye na zuba. "Da me ka ɗauka, Malam? Kalangu?"

Daga baya hayaniyar ta lafa, wata mace ta ɗauka ita kaɗai, muryarta siririya, tana hawa kamar mai roƙon da ba ta da sauran hujja. Mai ɗaukar hoto ya nuno wani dattijo a sahun baya, hawaye na bin kumatunsa, bai share ba domin hannayensa biyu suna riƙe da littafi. Ban san harshen ba, ban kuma ce amin ga addu'arsu ba. Amma kukan da ban yi wa mahaifiyata ba tun ranar da aka bugo mini waya, a ɗakin nan na yi shi. Sai ga mai makoki yana bubbuga bayan ɗan gaisuwa.

Da aka kai ƙarshe, tsohon nan mai sanda ya bar hannunsa a sama. Zauren ya yi tsit. Jama'a cike, babu mai tafi, babu mai tari, aka daɗe a haka. Wannan shirun na gane shi sarai. Shi muke yi a kan tabarma a ƙofar gida.

Har yau ban koma sauraron kiɗa ba, kuma ban sake kallon bidiyon ba. Abin da yake ci mini rai shi ne farkon waƙar. Daga baya abokina ya gaya mini wurin nan mai sanyi, inda ake roƙa wa mamaci hutawa, shi mahaifinsa ya fi so, kuma a lissafinsa a daidai lokacin aka sauke tsohon a kabari. Wannan wurin shi kaɗai ya ji shi. Shi lokacin korona dole ce ta ajiye shi a waje, don kada ya shafa mini cuta. Ni kuwa na kwaikwayi kujerar, na bar dalilin.

Bayan an gama gasa ya ajiye aiki, zai koma gida wajen mahaifiyarsa. Ranar tafiyarsa na kai masa kujerarsa.

Na ce, "Likita, ka yi mini cikakken zama, ni nawa rabi na yi maka. Ka yafe mini."

Ya ajiye jakarsa. "Malam, ni har na gama zamana ban taka ɗakinka ba. Kai ka shigo nawa, ka zauna a ƙasa, kuma na san abin da shigowar ta ci maka. Kalas, in ji Larabawa, shi ke nan, babu sauran bashi tsakaninmu."

Ya turo mini kujerar da ƙafa.

"Riƙe abarka. Amma in wani ya yi rashi a gidan nan, ka bar ta a ɗaki, ka je da ƙafafunka."