'Ya'yan Thi Uku a Bayan Labule

Lua tana da shekara goma sha biyar ta bi jirgin ruwan 'yan wasa. Kwana huɗu suka yi a ƙauyen su Lua suna wasan waƙa a farfajiyar ɗakin bauta, ran da suka kwance igiya da safe kuwa tana ƙunshe a ƙarƙashin tulin labulaye, ba ta fito ba sai da jirgin ya wuce mashigi biyu. Ba wanda ya kore ta daga gida. Uwarta manomiyar shinkafa ce mai ƙarancin magana, abin da ta taɓa faɗi game da 'yan wasa guda ɗaya ne, wai mutane ne da ba su da kabari a ko'ina. Da labari ya iske ta ba ta yi kuka ba, ba ta kuma aika a dawo da yarinyar ba. Ta dai gaya wa maƙwabta cewa 'ya'yanta shida ne, ba bakwai ba.

Mai ƙungiyar, Kawu Nam Ro, ya dubi yarinyar sama da ƙasa, ya sa ta yi waƙa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙa mata bahon wanki. Shekara uku tana wanke rigunan sarakunan ƙarya a ruwan kogi. Shekara biyu tana fitowa a sojan da ke riƙe tuta, a soke shi ya faɗi bai ce uffan ba. Daga nan ta zama kuyangar gimbiya, mai faɗin kalma huɗu ta koma bayan labule. Wanda ya lura da ita shi ne Baba Thiet mai goge, tsoho mai raunin ido da kaifin hanci, wanda yakan gane ruwan sama na tafe tun sararin yana fes. Shi ya riƙa tsayar da ita a goshin jirgi yana sa ta waƙa sai muryarta ta danne ƙarar inji.

A wasan nan akwai wurin da ake gane gwana. Magana ce ake yi, sai kiɗa ya ɗauke baki ɗaya, mawaƙiya ta ja dogon baiti da numfashi guda, ta hau, ta yi ta hawa, sannan ta gangaro ta dira a kan muryar ƙasa, inda goge ke jiranta. Idan ta dira daidai, tafi ya ɓarke. Idan ta kuskure, ba a yi mata ihu, shiru kawai ake yi, kuma duk ɗan wasa ya fi tsoron shirun nan da jifa. Lua tana da shekara ashirin da biyu ta fara dira a gaban jama'a, kuma daga ranar ba a sake ba ta bahon wanki ba. Aka zana fuskarta a ƙyallen da ake ratayawa a bakin kasuwa. Ta yi aure sau ɗaya, da wani mai fitowa a jarumi, ya gaji da zama mijin Lua ya sauka a wata tasha bai komo ba. Ba ta haihu ba, ba ta gina gida ba. Abin da ta mallaka a duniya akwati ɗaya ne da numfashin nan.

Numfashin ma a wurinta ba nata ba ne, na Kaka ne. Kowace ƙungiya tana tafe da Kakan sana'a, ɗan gunkin itace a jan akwati da ake ajiyewa bayan labule, ana kunna masa turaren tsinke kafin a fita. Shi ke ba da murya, shi ke karɓewa. Yana da dokokinsa: ba a taka takalmin katako kusa da shi, ba a ambaton sunansa cikin raha, kuma sama da komai ba a shigo da ɗan itacen thi. Wannan ɗan rawayan abu, ɗan'uwan kanya, ƙamshinsa yana cika ɗaki, kuma an ce Kaka ba ya iya jure masa. Da ya ji shi sai ya bar akwatinsa ya bi ƙamshin, ya bar masu waƙa da maƙogwaro fayau.

Ba wanda ya kai Lua tsare dokar nan. Wata shekara aka ɗauki sabuwar mai ɗinki, baiwar Allah ta sa thi guda a cikin jakarta don kayanta su yi ƙamshi. Lua ce ta shinshino shi. Ta tsaya kai da fata sai da aka sauke matar a gaɓar da ba kowa, ana tsuga ruwa, kuma ba ta ko waiwaya ba da jirgin ya ja. Mugunta ce, ba wani suna da za a ba ta, amma tsoro ne ya haife ta.

Da ta haura arba'in, tsoron ya ƙaru, domin numfashin ya fara gajarta. 'Yan kallo ba su gane ba tukuna. Ita ta sani, Baba Thiet ya sani, don yakan ɗan gaggauto da gogensa ya tare ta kafin ta ƙarasa gangarowa. Kawu Nam ma ba kurma ba ne.

"Gimbiya," ya ce mata wata rana suna cin shinkafa da busasshen kifi, "jiya na zaci sai mun ɗaura miki famfon keke a baya."

"Kawu, ka fara ɗaura wa kanka haƙora tukuna," ta ce.

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma idonsa bai yi ba. Ita kuwa ta ninka turaren Kaka, tsinke uku ya koma tara.

A watan bakwai, ruwa ya fara hawa gonaki, aka gayyace su bikin ɗakin bauta na wani ƙauye. Sai da jirgi ya karya kwana ta ga gadar gora ta gane inda suke, ƙauyensu ne. Shekara ashirin da shida tana kauce wa mashigin nan. Ba ta sauka ta shiga gari ba, ba ta tambayi kowa ko uwarta tana raye ba. Ta wuce bayan labule ta zauna gaban madubi.

Wasan na la'asar ne. Hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, iska ta tsaya cak, hodar fuska tana narkewa ana sake shafawa. Kowa ya fita gefen dandali, ita kaɗai ta rage da Kaka, ta gama ɗaura kambin gimbiya ke nan, sai ta ji ana taɓa tabarmar da aka kewaye wurin da ita. Wata ƙanƙanuwar tsohuwa ta kutso, tana dogara sanda, idanunta sun yi fari.

"Auta?" in ji tsohuwar. "An ce kina nan."

Lua ta kasa tashi. Tsohuwar ta laluba har ta kama wuyan hannunta, ta shafa zoben ƙarya da hannun rigar siliki, ta ce, "Kin yi ƙiba. To, madalla, ana ba ki abinci." Sannan ta zaro ƙullin ƙyalle daga aljihu ta fara kwancewa da yatsu. Tun kafin ƙullin ya buɗe ƙamshin ya fito.

"Na bishiyar bayan gida ne. Da kina ƙarama har duka na yi miki a kansu. Ungo."

Thi ne guda uku, rawaya, a tafin hannunta. Akwatin Kaka yana nan taku uku daga inda suke, hayaƙin turarensa da ke miƙewa sama ya ɗan karkato. Lua ta ji gumi ya karyo mata a ƙarƙashin kambi. Kogi yana bayan tabarma, jifa ɗaya ya isa, amma tsohuwar tana riƙe da hannunta, kuma makaho yana jin faɗuwar abu a ruwa. Ta ce mata ta fita da su? Matar da ta share shekara ashirin da shida kafin ta tako nan? A waje an buga ƙarfen farko na kiran 'yan wasa.

Sai ta yi abin da ɗan wasa kaɗai zai yi tunaninsa. Ta ga idan ƙamshin ya shige cikinta, Kaka ba zai same shi a iska ba. Ta cusa na farko a baki har da ɓawo, ta tauna ta haɗiye, ta bi da na biyu, ta bi da na uku, ta tofa ƙwallayen a cikin hannun riga.

"Ke, a hankali mana!" Tsohuwar ta yi dariya, ba haƙori ko ɗaya a gaba. "Ba a ko matsa su ba. Har yanzu haɗamar nan tana nan, ashe."

Kowace yarinyar ƙauye ta san thi sai an murza shi a hannu ya yi laushi kafin a tsotsa, in ba haka ba baurinsa ya ɗaure harshe ya shaƙe maƙogwaro. Lua ma ta sani, da can. Ta kurɓi shayi, bai wanke komai ba. Aka buga ƙarfe na biyu, ta sa aka kai tsohuwar gaban dandali aka zaunar, ita kuma ta nufi labule.

Hanyar fita ta gaban Baba Thiet take. Tana gilmawa ya ɗaga kai, hancinsa ya buɗe. Sai da ta kai bakin labule ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"'Yar nan, me kika yi?"

Ta fita. Farfajiyar ta cika maƙil, har kan katanga da rassan itace, duk an zo ganin 'yar gari. Maganganun farko sun tafi lafiya, ko da yake harshenta ya yi mata nauyi kamar ba nata ba. Gimbiya tana sallamar mijinta zai tafi yaƙi, ta kama gefen rigarsa, kiɗa ya ɗauke. Lua ta ja numfashi ta fara hawa. Ta kai rabi. A nan maƙogwaron ya rufe, abin da ya fito wani ɗan kukan busasshiyar ƙofa ne, sai tari. Ta sake gwadawa, abin da ba a taɓa yi ba, ko sauti bai fito ba. Gogen da ya saba tare ta bai motsa ba, Baba Thiet ya ɗora shi a cinya.

Shirun ya sauka a kan mutum ɗari biyar. Cikinsa sai aka ji tafi, na mutum ɗaya, a hankali, daga layin gaba. Tsohuwar ba ta taɓa kallon wasa ba a rayuwarta. An gaya mata idan kiɗa ya tsaya 'yarta ta yi waƙa ana tafawa, ita kuma ta tafa, tana juya fararen idanunta hagu da dama don a san tata ce.

Kawu Nam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa kuyanga ta ƙarasa wasan, ya lulluɓe akwatin Kaka da jan ƙyalle ya kai jirgi da hannunsa. Ba wanda ya zauna kusa da Lua wajen cin abinci. Washegari da hantsi ta tarar da akwatinta a kan gaɓa, an ɗora shi a kan bulo biyu don kada ruwa ya taɓa shi, an naɗe ƙyallen da ke da zanen fuskarta an jingina a gefe. Muryar ta dawo bayan kwana biyu, amma labari ya riga ta zagaya kogin, babu ƙungiyar da ta sake yarda ta tako mata bayan labule.

A hantsin nan, tana tsaye tana kallon jirgin yana karya kwana, ta ji sandar tsohuwar a bayanta.

"Auta, yau ma da wasan? Jiya kin yi kyau, kowa ya yi tsit yana jin ki." Ta laluba ta kama hannunta. "Bishiyar ta cika bana. In za ki yi wasan, sai in kawo miki wasu."

Lua ta sunkuya ta ɗauki akwatin ta aza a ka.

"To, Inna," ta ce. "Mu je gida."