Accar Rifkatu ba ta da yashi

Shekara bakwai ke nan da matata Rifkatu ta koma ga Ubangiji, a farkon sanyi, lokacin da ake cire citta a gona.

Mu a wajen Madakiya, a kudancin Kaduna, sanyin Disamba ba ya ba mutum tsoro in akwai wuta a madafa. Da sassafe Rifkatu kan hura murhu, ta ɗauko ƙwarya biyu da bokitin ruwa, ta zauna rege acca. Wanda bai san acca ba, ƙwayarta ƙanana ce kamar yashin da ke ɓuya a cikinta, kuma ruwa da haƙuri ne kawai ke raba su. Ni ina gefe ina jin ɗumi, ina jin ƙarar ƙwaryar, wani lokaci har da mitar cewa ta cika jinkiri. Bayan haka sai pate ya hau wuta, da yakuwa da gauta da gyaɗa da ƙashin naman da ya kwana yana dahuwa. Mako guda kafin Kirsimati takan shafe bangon tsakar gida da farar ƙasa, ta zana ganyaye da yatsa, ta sauko da langunanta masu furanni da ba a taɓa su sai a wannan wata.

Da ta tafi, yara sun ci gaba da zuwa, amma kwanakinsu suna raguwa. Suna kawo shinkafa da kwanonin roba da fitilu masu ƙyaftawa. Na sha tunanin me za ta ce da acca ta cikin leda da aka rubuta wai an wanke. Na san za ta zuba a ƙwarya ta sake regewa, ko da mai kantin yana kallo.

Bara ɗanmu Yohanna ya ce daga yanzu a riƙa yin Kirsimati a gidansa a Kaduna, tunda nan babu mai dafawa. Na san ma'anar wannan. Gidan da ba a hura masa wuta a Disamba, kulle shi ake yi. Na ce ya ba ni shekara ɗaya.

Ban taɓa riƙe ƙwaryar regewa ba, amma kunnena ya shekara arba'in yana makaranta. Na fara tun da damina. Paten farko ko kare ya shinshina ya wuce. Na biyu na ji yashi har cikin kaina. Dattawan majami'a suka samu abin dariya, wai ko zan shiga zumuntar mata. Na ce su tanadar mini zani. A hankali na gane cewa idan ƙarar ƙwaryar ta yi kaushi, hannuna ya yi sauri. Idan ta yi laushi irin wadda na saba ji, to yashi ya kwanta a ƙasa.

Ranar Kirsimatin da ta wuce, bayan sujada, na zuba pate a langunanta. Bangon ma na shafe, ko da yake ganyayena sun fi kama da kifi. Alƙaliyar ita ce Asabe, ƙanwar Rifkatu, wadda ba ta taɓa raga mini ba.

"Mijinmu, in haƙorina ya karye kai za ka biya," in ji ta.

"Wane haƙori? Biyun da suka rage?"

Ta kai cokali baki. Kowa ya zuba mata ido. Ta tauna a hankali, gefen dama, gefen hagu, tana neman abin faɗa. Ta daɗe. Sai ta share ido da bakin zani, ta miƙo langar.

"Ƙaro mini, tsoho. Kuma ka rage gishiri."

An kankare tukunya har ƙasa. Da yamma na ga Yohanna yana tsaye yana duba rufin madafa, yana tambayar kafinta a waya nawa ne kwano, don ruwa kada ya lalata wurin kafin Disamba mai zuwa. Na shiga ɗaki na yi rawa ni kaɗai, da gwiwata mai ciwo.

Rifkatu ba ta bar gona mai faɗi ba, ba ta iya rubuta sunanta ba. Amma ta bar gidan da mutane ke hawa mota su dawo cikinsa da sanyi. Bana jikoki mata biyu sun ce in koya musu. Na ce su zo da wuri, su zauna, kada su taɓa komai tukuna. Su fara saurara.