Hannun 'Yar Farina da Gilashin Ruwan Sanyi

Mun tashi da asuba ranar Talata, mu uku: ni, da 'yar farina, da gwaggonta ƙanwar maigidana. Ku da muke aji ɗaya a yaƙi da jahilci kun ji abin da ya same mu, kaskon man ƙuli ya kife mata a hannun dama. An yi ta wanke mata ciwon a asibitin kusa da mu, amma duk ranar wanki sai an danne ta, har ta kai ta ce a ƙyale ta ko da hannun zai ruɓe. Likita ya ce in ba a wanke ana miƙe yatsun ba, za su manne su ƙandare. Yarinyar da ɗinkin hula ne sana'arta. Likitan ne ya ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a Kano.

Babura biyu suka kai mu tashar Daura. Kuɗin mota ya ƙaru kan yadda na sani, da Gwaggo ta yi magana direba ya ce ta je ta tambayi gidan mai. Ba ta rabu da shi ba sai da ya ba yarinya gefen taga don kada a bugi hannun. Ni na wuce can baya. Kun san yadda muke da ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a zama kusa da shi cikin mutane, ba a nuna an damu. A ɗakin kakarta ma ta tashi. Duk ramin da mota ta faɗa ƙeyarta nake kallo, in na ga ta sunkuya sai in kau da kai ina duban gonaki. Gero ya yi kyau bana, Alhamdulillahi, har wajen duwatsun Kazaure kore ne shar.

A Dambatta mata suka yanyame motar da fura da dafaffiyar gyaɗa. Yarinya ta ƙi cin komai, kunyar ci da hagu take a gaban mutane. Gwaggo ta riƙa ɓare gyaɗa tana sa mata a baki tana yi mata tsiya, wai ta koma jaririya. Ni ma na ɓare tawa cike da hannu, na rasa yadda zan miƙa, na ƙulle a bakin zane.

Kano kuwa sai wanda ya gani. Mai adaidaita sahu ya riƙa kutsawa da mu tsakanin manyan motoci, Gwaggo tana salati tana ce masa marar lafiya ɗaya muka kawo, kada ya mai da mu uku.

Washegari aka kira mu ɗakin wankin ciwo. Tun daga ƙofa yarinya ta fara turjewa. Nas ɗin, wata doguwa mai sanyin murya, ta ba ta maganin rage zafi, sannan ta ɗauko wani abu kamar ƙaton gilashin ido mai maɗauri. Ta ce gwaji suke yi da shi: in an ɗaura wa mutum sai ya ga kansa a wani wuri dabam, hankalinsa ya tafi can, zafin ya ragu. Ba ya kashe zafi duka, in ji ta, hankali yake ɗaukewa.

Na ce, “Sista, ki yi haƙuri, a fara ɗaura mini.” Ko kunu ba na ba yaro sai na ɗanɗana.

Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba. Ɗakin ya ɓace. Sai ga ni tsaye a bakin wani ruwa garai-garai, duwatsun ƙanƙara ta ko'ina, kifaye suna wucewa ta gefen ƙafata. Ban san lokacin da na tattare zanena na ɗaga ƙafa ɗaya ba don kada in jiƙe. Dariya na ji ta bayana, har da muryar yarinyar. Rabon da in ji dariyarta tun ranar kaskon.

Aka ɗaura mata. Ana kwance bandeji, Gwaggo ta leƙa ta ga naman, jiri ya ɗebe ta, ta fita tana dafa bango. Nas ta ce a hankali, “Mama, riƙe mata ɗaya hannun.”

Na raɗa mata, “'Yar fari ce.”

Ta ce, “Ai ba ta ganinki.”

Na riƙe. Shekara goma sha bakwai, ban taɓa zama na ƙare wa fuskarta kallo ba sai ranar, ko da yake rabinta a rufe take. Ashe bakin marigayiya mahaifiyata gare ta. Ana wanke ciwon tana juya kai tana bin kifaye. “Gwaggo, kin ga wannan mai ja? Ya fi tire faɗi!” Na ƙara riƙe hannun, na bar ta a kan Gwaggo ce. Da aka zo miƙe yatsu ta yi nishi, ta matse hannuna har ya yi tsami, amma ba ta fizge ba. Ɗaya bayan ɗaya aka miƙe su duka biyar. Hawaye na ta zuba a haɓata, ban goge ba tunda ba mai gani sai nas.

Kwana tara muka yi. Kullum aka kira mu, tun ba a taɓa bandeji ba Gwaggo za ta dafe kai ta ce jirin nan ya dawo, ta fita sayen awara. Na san ciwon nata, na ƙyale ta.

Ranar komawa likita ya nuna mana yadda za a riƙa motsa yatsun a gida, ya ce in an dage akwai sa ran za ta riƙe allura. A tasha Gwaggo ta sake sama mata gefen taga, amma sai yarinya ta wuce baya ta zauna kusa da ni. Muka wuce Dambatta, muka wuce Kazaure. Can ta ce, idonta a kan gonaki, “Inna, tafin Gwaggo sumul yake. Ba shi da kantar taɓarya.”

Na ce, “To.”

“Tun ranar farko na sani.”

Na kwance bakin zane na ba ta gyaɗar da na ɓare a Dambatta, ta wannan dawowar, waccan ta farko ta daɗe da lalacewa. Ta karɓa da hagu ta ci.

Mun iso gida bayan la'asar lafiya. Abin da na koya a tafiyar nan, akwai ciwon da magani ke taɓawa, akwai wanda sai an ɗauke wa mutum hankali, akwai kuma wanda hannu yake so. Yau da safe ta haɗa babban yatsa da manuni, saura kaɗan su taɓa juna. Ku sa ta a addu'a. Sunanta dai kun san shi, ba sai na rubuta ba.