'Yar da Inna Ta Shayar a Gidan Mai Rijiya

Makon da Inna ta tsayar da maganar auren ƙanena, ni kuma ina can ina fama da 'yan aji huɗu a makarantar da nake koyar da Turanci a Yelwa. Darasin makon shi ne yadda Bature ke haɗa mallaka da bayanin mutum a jimla guda, irin a ce "mutumin da akuyar ɗansa ta ɓata". A Hausa ko ƙaramin yaro ya iya wannan, amma da an ce su mayar da shi Turanci sai akuya ta koma ta maƙwabci, ɗa kuma ya zama uba. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Dama ba a san ni da haƙuri ba, alli uku na karya a ranar Talata kaɗai.

Inna kuwa ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba ta kiran suna. Bafulatana ce mai kunya ta gaske. Ba ta faɗin sunan marigayi babanmu, ko na surukanta, ko nawa da nake 'yar fari, ko na duk wanda ya ci sunan ɗayanmu. To a Sintali rabin unguwa takwarorinmu ne, don haka ta ajiye sunaye gaba ɗaya. In za ta aike ka wurin mai nama, sai ta ce ka je wurin ƙanen matar da mijinta ya faɗi da mashin a gada. Ko a addu'arta ta bayan magariba haka take jero mu, matattu tukuna sannan rayayyu, kowa da kwatancensa, ta rufe da "'yar da ke hannun mutane". Na ɗauka ni ce, tunda ni na fara barin gida. Abin ya daɗe yana ba ni haushi. Nakan ce mata ta faɗi suna kowa ya huta, ita kuma ta dube ni kamar na zagi baƙo.

An riga an kai goron tambaya, ana shirin sa rana, sai ƙanena ya kawo yarinyar da zai aura ta gaida Inna. Marainiya ce daga Nukkai, kakarta ta rene ta. Cikin hira ta ce an faɗa mata mahaifiyarta ta taɓa zaman haya a nan Sintali, a wani gida mai rijiya a gindin mangwaro. Inna na tsince shinkafa a faifai, na ga hannunta ya tsaya. Bayan an raka yarinyar, ta sa ƙanena ya maimaita mata sunanta. Sunan kakarmu ta wajen uba ne. Sai ta faɗa mana cewa a wannan gidan ta shayar da wata jaririya mai wannan suna tare da autarmu, kusan kwana arba'in, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da uwar har nononta ya ƙafe. Daga baya mutanen suka tashi, ba ta sake jin ɗuriyarsu ba. In dai wannan ce jaririyar, to ƙanwarsa ce, babu aure.

Ƙanena ya daina cin abinci. Ni kuma na ce a kawo takardar haihuwa, aka kawo irin ta rantsuwa da ake yi lokacin jarrabawa, wadda kowa ya san ana yi wa shekarunta aski. Inna ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta ce in na tashi daga makaranta ranar Alhamis in samo mana keke zuwa Nukkai.

Mun tarar da kakar yarinyar a rumfa tana ɓarar gyaɗa, tsohuwa 'yar ƙarama mai ido ɗaya. Suka yi ta gaisuwa da Fulatanci har na ƙosa, jam sai jam, wato lafiya sai lafiya, kamar ba wata magana ce ta kawo mu ba. Na zo da tambayoyina a rubuce: sunan uwa, sunan uba, shekara. Ashe ita ma tsohuwar ba ta kiran sunan marigayiyar, 'yarta ta fari ce. Na ce a raina yau na shiga uku, tsofaffi biyu, ba suna ko ɗaya, ga rayuwar ɗan mutane a tsakani.

Sai Inna ta gyara zama ta koma Hausa, ina jin don ni ma in zama shaida.

"Goggo, na zo tambayar 'yar matar da mijinta ke kai shanun mai gidan haya zuwa kasuwa, wadda aka haifa a ɗakin da iska ta yaye kwanonsa, daminar da kogi ya cinye shinkafar wanda ya haƙa rijiyar gidan."

Hali na malama, na bi ta da yatsu ina lissafa mutanen. Biyar ne a numfashi ɗaya, kowa riƙe da abinsa, ba wanda ya taka wani. Abin da na kwana huɗu ina karya alli a kansa ke nan, ga shi a bakin matar da nake yi wa gorin rashin iya magana a taƙaice. Tsohuwa ba ta ce a maimaita ba. Ta dai gyara wuri ɗaya, ta ce shinkafar ba ta mai haƙa rijiya ba ce, ta wansa ce. Inna ta ce haka ne, ta yi kuskure.

"Wanda kika ba shi nono," in ji tsohuwa da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "mai baƙin tabo ne a bayan kunne."

"Na hagu," in ji Inna.

"To ba shi ne wannan ba. Shi ya koma tun bai yi haƙori huɗu ba, a ƙauyen da muka tashi zuwa. Wannan bayansa aka haifa, aka mayar mata sunan."

Ta ce ba su taɓa faɗa wa yarinyar ta yi yaya ba, ba a tayar da irin wannan maganar. Wani sanyi ya sauko mini har ƙafa, don ƙanwar wadda aka shayar ba ta haramta ga ɗan wadda ta shayar ba. Na zaro waya zan kira ƙanena. Amma Inna ba ta motsa ba. Sai na ga tsohuwa ta ture kwaryar gyaɗa, ta ja mayafi bisa kanta, ta sauko daga kujerarta zuwa ƙasa, ta fara yi wa Inna ta'aziyya irin wadda ake yi wa uwa.

"Allah ya ba ki haƙuri. Allah ya sa mai ceto ne."

Inna tana amsawa da amin, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Shekara ashirin da wani abu da rasuwar. Matan gidan da suka ji suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace ta durƙusa ta yi gaisuwa, ba wadda ta tambayi sunan mamaciyar. Kunya ta kama ni da wayar da ke hannuna, na mayar da ita jaka, ni ma na durƙusa.

Ƙanena ya samu albishirinsa a ƙofar gida, ya cinye tuwon mutum biyu. Ni na tsaya na yi magariba a ɗakin Inna, kuma karo na farko a rayuwata na kasa kunne sosai ga addu'arta. Ta fara da matattu yadda ta saba, iyayenta, surukanta, mai gidan nan. Daga nan ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "da mai tabo a kunnen hagu". Da ta zo kan rayayyu ta jero mu biyar, kowa da kwatancensa, ta shafa. Ba ta ce 'yar da ke hannun mutane ba. Ashe tun can ba ni take nufi ba.